Tirelar Malam Jibirin da Ke Shaƙewa a Cikin Gari

Shekara talatin da huɗu Malam Jibirin ya yi yana tuƙa tirela, daga Kano zuwa Ikko, zuwa Fatakwal, wani lokaci har Agadas, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa kayar da mota ba. Ciwon baya ne ya raba shi da sitiyari. Likita ya ce in ya ci gaba da zaman kwana biyu a kan kujerar mota, wata rana ɗauko shi za a yi. 'Ya'yansa suka haɗa baki da matarsa Uwaliya, suka yi ta lallashi har ya miƙa makulli, ya dawo gidansa na Gwarzo.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da safe yakan fita dakalin ƙofar gida, duk babbar motar da ta wuce a titi sai ya karkata kunne, ya faɗi abin da ke damun injinta ko da babu mai sauraro. In ya gaji ya shigo ciki ya fara gyare-gyaren da ba a sa shi ba. Ya sauya wa randa wuri, ya kwance ƙofar madafa ya sake ɗaurawa, ya ce igiyar shanya ba ta miƙe ba. Uwaliya ta jure wata uku, sannan ta kira autarsu Naja'atu gefe, ta ce ta nemo wa mahaifinta abin yi kafin ya kwance rufin ɗaki.

Naja'atu ta karanci kwamfuta a Kano, kuma tana aiki a wata cibiyar da ɗalibai ke rubuta jarrabawa a Gwarzo. Wata Asabar ta dawo daga birni da kwalaye uku. Ta jera su a ɗakin soro, ta haɗa wata kwamfuta ta hannu mai baƙin akwati da batirin sola, ta ɗaure ƙaramin sitiyari a bakin tebur, ta ajiye birki da totur a ƙasa. Ta ce wasa ne na tuƙin manyan motoci. Malam Jibirin ya leƙa, ya ce shi ya wuce wasan yara, amma tunda ta sha wahalar ɗauko kayan zai zauna minti biyar don kada ta ji babu daɗi.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Abin da ya kama shi kuwa shi ne baya. Da ya sa ribas ya karya sitiyari dama, sai ya ga a madubi bodin tirelar ya karkata hagu, daidai yadda na gaskiya ke yi, da irin wannan jinkirin da direba ke ji a jikinsa kafin idonsa ya gani. Ya fito alwala yana murmushi shi kaɗai. Tun daga ranar igiyar shanya ta huta.

Malam Jibirin yana da taubashi a Kabo, Alhaji Gali, shi ma tsohon direban tirela. Tun suna samari ba su taɓa yarda ɗaya ya fi ɗaya iya tuƙi ba, kuma duk taron suna ko ɗaurin aure da ya haɗa su sai sun tada zancen. Gali ya zo ziyara, ya ga abin, ya zauna ya gwada, ya tashi yana cewa babu wani abin a zo a gani. Kafin sati ya zagayo ya sa ɗansa da ke Kano ya sayo masa irin kwamfutar. Akwati iri ɗaya, sitiyari iri ɗaya, wasan ma shi ne dai.

Daga nan damuwar Malam Jibirin ta soma. A kan hanyar daji motarsa lafiya lau take tafiya, itatuwa na wucewa sumul. Amma da zarar ya shiga gari, inda gidaje da motoci da fitilu suka yi yawa, sai hoton ya fara tsayawa yana fizga. Ya karya sitiyari, motar ba ta amsa ba sai bayan ya ƙara karyawa, sannan ta amsa duka biyun a lokaci guda. Wata Talata da hantsi, a wani shatale-tale, ya ɗauke sandar fitila da gefen bodi. Ya saki sitiyari. Ya san hoto ne kawai, amma abin ya tsaya masa a rai har bai ci abincin rana da kirki ba.

Da Naja'atu ta dawo daga aiki ya yi mata bayani irin wanda zai yi wa makanike. Ya ce motar tana shaƙewa, kuma a saninsa in mota ta yi haka, ko dai iska ta shiga layin mai, ko filta ta toshe. Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe akwatin ta hure ƙura, ta duba fanka, ta ga komai na juyawa. Ta sa wata 'yar lamba a kusurwar allo, ta ce tana nuna hotuna nawa kwamfutar ke zanawa a daƙiƙa ɗaya, in sun yi yawa ido ya ga tafiya sumul, in sun yi kaɗan ya ga fizga. Shi dai maleji ya sa wa lambar suna. A daji malejin yana kan sittin. A cikin gari yana faɗowa goma sha tara.

Ta rage kyan hoton, ta cire inuwa, ta rage ganyen itatuwa har suka koma kamar tsintsiya a kife. Malejin ya tashi zuwa ashirin da ɗaya ya tsaya. Malam Jibirin ya ce ta mayar masa da itatuwansa, tunda an yi musu aski kuma babu abin da ya ƙaru. Naja'atu ta mayar, amma ta daɗe tana kallon lambar tana cizon leɓe. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai ke nan, domin da katin hoto ne ya gaza, wato ɓangaren da ke yin zanen, da rage masa aiki ya sa ya yi sauri.

Kashegari Gali ya bugo waya. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da damina da gajiya, Malam Jibirin ya yi kuskuren ambatar sandar fitila. Gali ya yi dariya har da tari. Ya ce tasa motar tana ratsa gari kamar an shafa mata man gyaɗa, kuma tunda kwamfutar iri ɗaya ce, wasan iri ɗaya, to ai an san inda matsalar take, tana zaune a kan kujera. Ya ƙara da cewa Asabar ta sama zai zo Gwarzo, a tara tsofaffin direbobin tasha, a sa tirelar wasan a ribas a ga wanda zai shigar da ita ma'ajiya cikin lokaci kaɗan, a kashe gardamar shekara arba'in.

Malam Jibirin ya amsa da cewa Allah Ya kai mu. Ya kashe waya ya kira Naja'atu, ya ce ta shirya, jibi za su Kabo ta duba masa abin da aka zuba wa motar Gali.

Suka shiga motar haya da sassafe. Masara da gero sun yi kore shar a gefen titi, an yi ruwa da asuba, kwalta na sheƙi. Direban matashi ne mai son taka birki a cikin kwana, Malam Jibirin ya yi ta danna ƙafarsa a ƙasan mota, amma ya daure har suka sauka.

Gali ya tarbe su a zaure da babbar riga da fara'ar wanda ya riga ya ci nasara. Matarsa Hajiya Maijidda ta aiko da kunun gyaɗa da ƙosai. Sai da aka sha aka ƙoshi, aka yi zancen taki da na wani biki da za a yi a Madadi, sannan Gali ya kunna kwamfutar ya ratsa gari a gabansu da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofi. Naja'atu ta sa masa lambar nan. Hamsin da takwas, ko gezau.

Ta nemi izini ta zauna, ta shiga wurin saituna tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Malam Jibirin na tsaye a kanta yana jiran ta gano sirrin. Sai ta ɗago ta ce babu bambanci ko ɗaya, yadda nasu yake haka na Baba Gali yake. Gali ya gyara hula ya kalli taubashinsa, kallon kaɗai ya isa.

Naja'atu ta ce a ba ta sukundireba. Ta kwance gefen akwatin ta leƙa da fitilar waya, ta karanta wasu rubuce-rubuce, ta ɗauki hoto, ta sake kunnawa ta duba wani shafi mai jadawali. Malam Jibirin ya lura fuskarta ta saki. Ta mayar da murfin, ta yi wa Baba Gali godiya.

Sai da suka fito bakin titi suna jiran mota a ƙarƙashin wata darbejiya ta yi masa bayani. Ta ce akwati ne kawai iri ɗaya, kayan ciki daban ne, domin masu haɗa irin waɗannan kwamfutocin na hannu da abin da suka samu suke haɗawa. Ƙwaƙwalwar kwamfutar Baba Gali ma'aikata huɗu gare ta, amma kowanne mai zafin nama ne, katin hotonta kuma tsoho ne. Tasu kuwa ma'aikata takwas gare ta, kowanne mai sanyin jiki, katin hotonta ya fi na Baba Gali sabunta da ƙarfi.

A tsallaken titi ana loda buhuna a wata gingimari. Ta nuna masa da haɓa.

"Baba, a ce 'yan dako takwas ne a wurin nan, amma dokar tashar ta ce mutum ɗaya ne kawai zai riƙa miƙa buhu cikin mota. In buhu ashirin ne babu damuwa. In ɗari shida ne fa?"

"Mota za ta kwana a tasha," in ji shi. "Bakwai kuma suna zaune suna cin gyaɗa."

Ta ce to abin da ke faruwa a cikin gari ke nan. Wasan ba ya magana da katin hoto kai tsaye, akwai hanyar da yake bi ya aika masa umarni, zana gida, zana mota, zana fitila. Wannan wasan ya ba da zaɓin hanya biyu. Ta farko, wadda su duka biyun suke kai, sunanta DirectX 11, kuma a wannan wasan yawancin aikin miƙa umarni a kan ma'aikaci ɗaya take ɗora shi. Na Baba Gali ƙaƙƙarfa ne, yana iyawa. Nasu kuwa a daji yana iyawa, a gari kayan su yi masa yawa, katin hoto ya zauna yana jira. Hanya ta biyu sunanta Vulkan, ita tana ba wasan damar raba aikin ga kowa.

Malam Jibirin ya maimaita sunan sau biyu har ya zauna masa a baki. Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne ya tabbata matsalar ba a kan kujera take ba. Ya sayi rake a bakin titi, suka sha a mota.

Bayan azahar ta sauya saitin, ta kashe wasan ta sake kunnawa. Ya zauna ya yi bismilla, ya tayar da mota, ya nufi gari. Abin ya fi da muni. Kowace kwana sai hoton ya daskare, wani lokaci har ya ɗauka kwamfutar ta mutu. Ya cire hannu daga sitiyari ya juyo ya kalli 'yarsa. Ta gane yana tunanin dariyar Gali ne.

Ta ce ya ƙara haƙuri. A sabuwar hanyar, duk abin da wasan ya ci karo da shi karo na farko, irin hasken gilashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta, sai ya tsaya ya shirya yadda katin zai zana shi, sannan ya adana. In ya sake haɗuwa da shi ba zai tsaya ba. Malam Jibirin ya yi tunani, ya ce ashe sabon inji ne aka saka, ai ba a ɗora wa sabon inji kaya ranar farko. Ya sa giya ta biyu ya bi garin lungu-lungu a hankali, ya zagaya kasuwa da tashar jirgin ruwa da unguwar masana'antu, ya jira aka yi ruwan sama a cikin wasan ya sake zagayawa. Uwaliya ta leƙo ta tambayi ina za shi yake ta yawo haka babu kaya, ya ce rodi yake yi wa mota, wato yana lallaɓa sabon inji har ya saba.

Da safe ya shiga shatale-talen nan da ya taɓa ɗauke fitila. Malejin ya tsaya a hamsin da biyar. Ya karya sitiyari, motar ta amsa nan take, bodin ya biyo baya ya wuce sandar da tazarar taku guda. Ya zagaya sau uku don daɗi kawai.

Bai iya riƙe labarin ba. Kafin azahar ya bugo wa Gali, ya ce an sa wa motarsa Vulkan, 'yan dako takwas ke mata lodi yanzu, tasa kuwa har yanzu mutum ɗaya ke fama. Gali ya ce shi bai ga abin burgewa ba. Ranar Litinin ya kira Naja'atu a asirce, ya ce ita ma 'yarsa ce, kada ta yi son kai, ta zo ta saka masa abin da ta saka wa babanta. Ta gaya masa gaskiya, cewa tsohon katinsa ya fi sabawa da hanyar da yake kai, kuma sabuwar tana iya rage masa gudu. Ya ce ya gane, Jibirin ne ya hana ta. Don kada ya riƙe ta a rai, ta biya Kabo ta sauya masa.

Sauran labarin ta bakin Uwaliya Malam Jibirin ya ji shi, ita kuma daga Hajiya Maijidda. Kwana uku Gali ya yi yana rodi, malejinsa bai wuce talatin ba, ko a daji. Ranar Alhamis ya sake kiran Naja'atu da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ta mayar da shi inda ta ɗauko shi, kuma don girman Allah kada babanta ya ji. Ta waya ta yi masa kwatance, Hajiya Maijidda ce ta karanta masa ƙananan rubutun domin ya ajiye tabaransa bai san inda yake ba. Malam Jibirin ya yi dariya har bayansa ya motsa. Da ya tambayi Naja'atu, ta ce ita an ba ta amana, ba ta san komai ba.

Ranar Asabar bayan la'asar soron ya cika. Tsofaffin direbobi shida suka zo daga tasha, aka shimfiɗa tabarmi, Uwaliya ta aiko da dambu da zoɓo. Gali ya iso da tsohuwar ƙaramar motarsa, ya kutsa da ita cikin lungun har ƙofar gida duk da an ce masa ya bar ta a bakin titi. Naja'atu ta riƙe agogon waya.

Malam Jibirin ya fara. Ya ja gaba, ya daidaita, ya dawo da baya a nutse, idonsa na kan madubi, ya shigar da bodin tsakanin layuka biyu ba tare da ya sake ja gaba ba. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Direbobin suka gyaɗa kai. Gali ya naɗe hannun riga ya zauna, ya yi ƙorafin kujera ta yi ƙasa, aka sa masa matashi. Sannan ya koma da baya da wani irin gudu da ya sa kowa ya miƙe zaune, ya karya sau ɗaya, ya warware, ya taka birki. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da huɗu, kuma bai taɓa layi ba.

Malam Jibirin ya ji abin a ƙirjinsa, amma ya san tuƙi mai kyau in ya gan shi. Ya miƙa hannu ya ce Gali ya ci, babu gardama. Sai da Gali ya gama buɗe kafaɗa yana karɓar barka sannan ya ƙara magana.

"Ka ga daɗin motar da ake wa lodi da mutum takwas. Na ji an ce a Kabo ma an gwada, 'yan dakon suka yi yajin aiki."

Gali ya juya ya kalli Naja'atu. Ta ɗaga hannu biyu ta ce wallahi ba daga bakinta ba. Nan take ya gano inda zancen ya ɓulle, ya ce zai koma gida ya yi shari'a da Hajiya. Aka yi ta dariya, aka ci dambu, ɗaya daga cikin direbobin ya roƙi a bar shi ya gwada, ya je ya rushe katangar ma'ajiyar gaba ɗaya.

Da rana ta yi sanyi Gali ya yi sallama, jama'a suka rako shi. Lungun ba ya juyuwa, dole sai da baya. Ya shiga mota ya leƙo ta taga yana ɗaga wa mutane hannu, ya sa ribas, ya taka. Ƙarar da aka ji ta turmin maƙwabciyarsu Bilki ce, wanda ta jingine a jikin katanga ya sha iska. Turmin ya gangara ya faɗa kwata, kaji suka watse. Bilki ta fito da zani a kafaɗa, ta ga turminta bai fashe ba, ta ga kuma wanda ya yi aikin, ta rufe baki ta koma ciki.

Malam Jibirin ya taka a hankali ya je bayan motar, ya tsaya inda Gali zai gan shi a madubi. Ya ɗaga hannu ya fara yi masa alama, dama kaɗan, warware, taho, taho. Gali ya bi umarnin ba musu, har suka fita bakin titi.